Rioja: Inda Ake Tsuma Jar Giyar Inabi Shekara da Shekaru

Rioja, wadda ake furtawa Riyoha, wani yanki ne a arewacin Sifaniya da ke shimfiɗe a gaɓar kogin Ebro. Duwatsun Kantabiriya sun yi masa katanga ta arewa, suna tare masa ruwan sama da iskar tekun Atlantika, shi ya sa inabi ke nuna a hankali ba tare da ya ruɓe ba. Babban birninsa Logroño, amma garin da ya fi suna a sana'ar giya shi ne Haro. Tun 1925 hukuma ta ware sunan Rioja, babu mai ikon liƙa shi a kwalba sai wanda ya yi noma a yankin, ya kuma bi ƙa'idojinsa. A 1991 ya zama yanki na farko a Sifaniya da aka ɗaga zuwa matsayi mafi girma na wannan kariya. Hukuncin giya a Musulunci sananne ne, haramun ce. A Rioja kuwa ita ce noman ƙasa, ita ce kasuwa, kuma da ita ake ba da tarihin garuruwa.

Mafi yawan inabin da ake nomawa shi ne Tempranillo, sunan da ya samo asali daga kalmar da ke nufin "da wuri", domin yana riga sauran nuna. Akan haɗa shi da Garnacha don kauri, da Graciano da Mazuelo don ƙamshi da tsami. Ana girbi tsakanin Satumba da Oktoba, a murtsuke inabin, a bar ruwan tare da ɓawonsa har yis ya mayar da zaƙin barasa. Daga ɓawon ne jan launi ke fitowa, haka ma bauri.

Wannan bauri shi ne ginshiƙin maganar. Sinadarin da ke kawo shi, tanin, danginsa ne ke cikin bagaruwar da majema ke jiƙa fata da ita, kuma shi ne ke ɗaure harshen mai cin goro ko mai shan shayin da ya daɗe a wuta. Sabuwar giya mai yawan bauri tana kama dasashi. Amma tanin da tsami su ne ke hana ta lalacewa, kamar yadda bagaruwa ke hana fata ruɓewa. Giyar da ba ta da su ba ta jure ajiya. Wadda ke da su kuma ba ta daɗi sai ta kwana biyu. A kan wannan ne mutanen Rioja suka gina sana'arsu.

Dabarar tsumawa a ganga daga Faransa ta zo. Luciano Murrieta ya koyo ta a Bordeaux, ya fara aiki da ita a 1852, sai gidan Marqués de Riscal ya kafu a Elciego a 1858. Daga baya wani ƙwaro mai cin saiwar inabi, filoksera, ya shiga gonakin Faransa a shekarun 1860 ya yi ta'adi mai yawa. 'Yan kasuwar Bordeaux suka tsallako duwatsun Pirenis suna neman abin cika gangunansu. An yi dace layin dogo ya haɗa yankin da tashar jiragen ruwa ta Bilbao a 1863, sai gidajen giya suka yi ta tsirowa a gefen tashar jirgin ƙasa ta Haro: López de Heredia a 1877, CVNE a 1879, La Rioja Alta a 1890. Ƙwaron ya iso Rioja a 1899, ya tilasta wa manoma sake dashe a kan saiwar inabin Amurka mai jure masa, amma kafin nan sana'ar ta riga ta kafu.

Doka ta raba jar giyar zuwa matakai bisa daɗewarta. Crianza tana yin shekara 2, aƙalla ɗaya a ganga. Reserva tana yin 3. Gran Reserva, wadda ake yi da amfanin shekarun da suka yi albarka, ba ta fita kasuwa sai ta cika shekara 5, aƙalla 2 a ganga, 2 a kwalba. Wannan shi ne mafi ƙaranci. Gidajen da suka riƙe gargajiya suna zarce shi nesa ba kusa ba: López de Heredia kan bar Reserva ta gonarsa ta Tondonia shekara 6 a ganga, Gran Reserva kuwa wajen shekara 10. Wato mai gida ne ke ɗaukar nauyin jira, dukiyarsa na kwance a ƙarƙashin ƙasa, mai saye ya karɓi kaya a shirye.

Gangar tana cin lita 225, ana yin ta da itacen da Sifaniyawa ke kira roble, kuma a al'adar Rioja na Amurka aka fi so, saboda yana ba da ƙamshi mai kama da banila da kwakwa. Tsofaffin gidaje sun fi son gangar da ta sha aiki, wadda ƙamshinta ya lafa, domin abin da suke nema shi ne 'yar iskar da ke kutsawa ta jikin katako a hankali tana tausasa bauri. Kamar sau biyu a shekara ake juye giyar daga wannan ganga zuwa waccan. Ma'aikaci yana tsugunawa a bakin ganga cikin duhu, ya kunna kyandir, ya tara kofin gilashi tsakanin idonsa da harshen wutar. Muddin ruwan na fitowa garau, yana barinsa ya zuba. Da ya ga alamar gurɓacewa sai ya toshe, laka ta tsaya a gindi. Kafin a ɗura a kwalba, wasu gidajen har yau suna kaɗa farin ƙwai su zuba, ya janye sauran datti ya kwanta da shi. Ɗakunan ajiyar sanyi ƙalau, bangon ya yi baƙi da fumfuna, ba a kuma goge ta, domin masu gidan sun ɗauke ta abin da ke daidaita laima.

A kwalba aikin yana ci gaba. Ana kwantar da ita don toshin ɓawon itace ya kasance a jiƙe, kada ya bushe iska ta shiga. Ragar siririyar waya da ake gani a jikin wasu kwalaben ta samo asali ne daga maganin 'yan jabu, waɗanda kan ɗura giya mai araha a kwalbar babban gida.

Masana na auna tsumammiyar giya da ido, da hanci, da harshe. Suna karkata kofi a kan farin ƙyalle: sabuwa ja ce mai duhu da ta ɗan yi shuni, tsohuwa kuwa ta koɗe, bakinta ya koma launin jan bulo. Wanda bai sani ba zai ɗauka rauni ne, alhali shekaru ne suka nuna. A hanci, ƙamshin ɗanyen inabi ya ja baya, sai na zabibi, da kirfa da kanumfari, da ganyen taba, da jemammiyar fata. Waɗannan ba sa fitowa nan take; shi ya sa ake barin kofi ya huta, ana komawa gare shi. A harshe ana duba ko bauri ya yi laushi, ko tsamin yana nan da ransa, da tsawon lokacin da ɗanɗano ke yi a baki. Idan ta yi warin jiƙaƙƙen kwali, toshin ne ya ɓata ta; idan ta koma ruwan ƙasa-ƙasa babu armashi, iska ta cinye ta. Akan miƙe kwalba kwana guda kafin buɗewa don laka ta kwanta, a kuma ba da ita da ɗan sanyi, tsakanin digiri 16 zuwa 18. Abincin da mutanen yankin suka fi haɗa ta da shi shi ne haƙarƙarin ɗan rago da aka gasa a garwashin busassun rassan inabi.

A shekarun 1990 wani sabon salo ya yi tashe, na giya mai duhu da kauri da ake tsumawa gajeren lokaci a sababbin gangunan Faransa. Masu sharhi da dama suka raja'a a kai, har ana yi wa tsohon salo kallon wanda zamani ya wuce. Hukuncin bai yi adalci ba, domin an auna abin da aka yi don ya jure shekara talatin da ma'aunin abin da ake sha a shekara uku. Gidajen da suka ƙi sauyawa sun ga kasuwa ta dawo musu, kuma kwalaben girbin 1964, wanda ake lissafawa cikin mafi kyau a tarihin yankin, har yau ana buɗe wasunsu a same su lafiya lau. A 2020 mujallar Wine Spectator ta Amurka ta zaɓi Castillo Ygay Gran Reserva ta gidan Murrieta, girbin 2010, a matsayin giyar shekara.