Yadda Ake Jinyar Kyanwar da Aka Yasar

Kowane manomi ya san amfanin kyanwa, wadda wasunmu ke kira mussa. Ita ce mai gadin rumbu, ba ta kuma neman lada. Amma ranar da ta rame, ido ya cika da kwantsa, sai mu ce wa yara su kai ta bayan gari. Kusu kuwa ya samu sarari, ya shiga hatsi.

A birnin Landan na ƙasar Ingila akwai wani gida mai suna Battersea. Wata mata, Mary Tealby, ta kafa shi a 1860 domin karnukan da ba su da mai su. Daga 1883 ya soma karɓar kyanwoyi. Har yau yana aiki, da likitocin bisashe a cikinsa. Bari mu ga abin da ake yi a irin waɗannan gidaje.

In an kawo kyanwa, sai a ware ta ita kaɗai, don kada ta shafa wa sauran cuta. Likita ya auna nauyinta da zafin jikinta, ya duba baki da ido da kunne. Yakan ja fatar bayan wuyanta ya saki. In fatar ba ta koma da sauri ba, ruwan jikinta ya ragu ke nan, sai a yi mata ƙarin ruwa.

Wajen abinci ne hankali ya fi amfani. Mu da tausayinmu, da mun ga dabba mai yunwa sai mu cika mata akushi. Likitoci ba su yin haka. Jikin da ya daɗe da yunwa ba ya iya ɗaukar abinci mai yawa gaba ɗaya. Gishirin da ke cikin jini sai ya rikice, zuciya ta raunana, dabbar ta mutu da cikinta cike. Saboda haka kaɗan-kaɗan ake ba ta, sau da yawa a yini, ana ƙarawa sannu a hankali har kwanaki. Nonon saniya ma ba a ba ta, domin yana sa yawancin manyan kyanwoyi zawo.

Bayan haka a yi mata maganin tsutsar ciki, da ƙuma, da makero. In ta yi ƙarfi a yi mata allurar rigakafi da aikin hana haihuwa, sannan a nema mata gida. Kyanwa tana iya ɗaukar ciki tun tana wata 4, ta haihu bayan wata 2.

A ƙauyukanmu babu irin wannan gida, amma inuwa da ruwa mai tsabta da ɗan nama ko kifi ba su fi ƙarfinmu ba. Sai dai mu kiyaye abu biyu. Kada mu ba ta maganin mutane: ƙwayar farasitamol guda ɗaya tana iya kashe ta. Kada kuma mu shafa mata maganin ƙwarin gona ko na kaskar shanu. Mu tambayi malamin bisashe na ma'aikatar kiwo.

Mu kula da kanmu ma. Makero yana kama yara, don haka a wanke hannu bayan an taɓa ta. Mace mai ciki kada ta kwashe kashinta. Haukan kare kuma yana kama kyanwa. Kyanwar da ke dalalar da miyau, ko take kai cizo ba dalili, kada kowa ya kusance ta. Wanda ta ciza ko ta yakusa, a wanke wurin da ruwa da sabulu har minti 15, a kai shi likita ran nan, ko da ciwon ƙarami ne.