Zabuwa: Amfaninta da Haɗarinta

Iskar hunturu a Tawa da arewacin Adar tana busar da fata. Ganyen zabuwa, wadda ake kira alobera, yana taimakawa. In kun yanka shi, za ku ga ruwa iri biyu. Na tsakiya garai yake, mai yauƙi. Kusan kashi 99 cikin 100 nasa ruwa ne. Shi ake shafa wa kaushi da ƙaramar ƙuna. Na ƙarƙashin ɓawo kuwa rawaya ne mai ɗaci. Yana ɗauke da sinadarin aloyin, mai sa zawo da murɗar ciki. Saboda haka ku tsiyaye shi, ku wanke ganyen kafin shafawa. Kada mai ciki ko yaro ya sha. In ƙuna ta yi zurfi, ku hanzarta zuwa likita.