LAULAYIN CIKI: ABIN YI IN INSHORA TA ƘI BIYAN KUƊIN MAGANI

A unguwar masana'antu ta Trans-Amadi da ke Fatakwal, haka nan a zangunan Hausawa na Anacha da Inugu, akwai magidanta 'yan Arewa masu aiki a kamfanoni ko ma'aikatun gwamnati, waɗanda aka yi wa rajistar inshorar lafiya tare da iyalansu. Sau da yawa magidanci ba ya sanin iyakar katin da ke aljihunsa sai ran da laulayi ya kwantar da uwargida, likita ya rubuta magani, aka je karɓa aka ce inshora ba ta biyan wannan.

Mafi yawan masu juna biyu suna fama da tashin zuciya da amai a watannin farko, kuma yakan lafa kafin ciki ya cika wata biyar. Amma a cikin mata ɗari akan sami ɗaya zuwa uku waɗanda nasu yake tsananta, har ko ruwa ba ya zama a cikinsu, su rame, fitsari ya ragu, sai an kwantar da su an yi musu ƙarin ruwa. A shekarar 2023 masu bincike suka nuna cewa wani sinadari mai suna GDF15, wanda mafi yawansa daga ɓangaren ɗan tayi yake shiga jinin uwa, yana da babban hannu a wannan wahala. Saboda haka ciwo ne na gaske, ba raki ba ne, kuma kunyar cikin fari kada ta sa a ɓoye shi.

An kafa shirin NHIS da dokar 1999, ya fara aiki a 2005, sa'an nan a 2022 aka maye gurbinsa da hukumar NHIA. A tsarin ma'aikata kulawa da mai ciki tana cikin abin da aka ɗauka, kuma kashi 10 cikin 100 na kuɗin magani ne kawai mai kati yake biya. To, me ke kawo ƙi? Galibi ɗayan abu uku ne. Ko dai likita ya rubuta maganin wani kamfani mai tsada wanda ba ya cikin jerin magungunan shirin, ko asibitin yana jiran lambar izini daga kamfanin HMO, watau dillalin da ke tsakanin asibiti da mai kati, ko kuwa maganin ya ƙare a ɗakin magani aka ce a je a saya a waje.

Abu na farko shi ne a nemi a faɗi dalilin ƙin, in da hali a rubuce. In jerin magunguna ne, a koma wurin likita ya rubuta makwafinsa, domin magunguna irin su promethazine da metoclopramide da bitamin B6 sun daɗe ana amfani da su, kuma ba su da tsada. In lambar izini ce, a buga wa kamfanin waya da lambar da ke jikin kati. A 2025 hukumar NHIA ta umarci kamfanonin su ba da izini cikin awa ɗaya. In abin ya faskara, a kai kuka ofishin hukumar na jiha, riƙe da takardar likita da rasit. Matar da ta galabaita kuwa ba ta jiran kowa, domin Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta hana asibiti ƙin karɓar mai buƙatar taimakon gaggawa.

Babban haɗari shi ne fushi ya kai magidanci kemis ya sayo abin da aka miƙo masa. Kafin a janye maganin thalidomide a 1961, an haifi jarirai fiye da 10,000 da nakasa a ƙasashe dabam-dabam, alhali don laulayi iyayensu da yawa suka sha shi. Ga mai ƙaramin laulayi, Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da citta da bitamin B6. Abin da ya wuce wannan a bar wa likita.

'Yan kasuwa da mahauta marasa kati su ma suna iya yin rajista da kansu, a hukumar NHIA ko a shirin inshorar jihar da suke zaune, kuma gara a yi tun ciki bai zo ba. Lafiya uwar jiki. Allah ya sauki masu juna biyu lafiya, amin.