Libarba: Bambancin Harbi Mai Aiki Ɗaya da Mai Aiki Biyu

Gabatarwa

Duk wanda ya tashi a Ƙofar Marke, ko wata tsohuwar unguwa ta birnin Sakkwato, ya taɓa ganin maharbi da adakarsa. Kafin ya yi harbi sai ya ɗana ta da babban yatsa, sa'an nan ya auna, ya taɓa kunama. Wannan maƙala za ta ɗora bayanin libarba a kan wannan sanannen abu, domin a nan bambancin hanyoyin harbinta biyu yake.

Hanyoyin Biyu

Libarba ƙaramar bindiga ce mai gidan harsashi da ke juyawa, galibi mai cin harsashi 6. A bayanta akwai 'yar guduma wadda ke sarar gindin harsashi.

A harbi mai aiki ɗaya, babban yatsa ke janyo gudumar baya, kamar dai adaka, kunama kuwa sakinta kawai take yi. Saboda haka jan kunamar gajere ne, nauyinsa bai cika wuce kilo 2 ba. Irin wannan ce Samuel Colt ya yi wa rajista a Amurka a 1836.

A harbi mai aiki biyu, kunama ce ke juya gidan harsashi, ta ɗaga guduma, ta kuma sake ta, duk a ja guda. Jan yana da tsawo, nauyinsa kan kai kilo 5. Robert Adams ya fito da irinta a Ingila a 1851. Daga baya aka ƙera mai yin duka biyun, kamar Webley, wadda rundunar Ingila ta karɓa a 1887. Ire-irenta hafsoshin Turawa ke ratayawa a zamanin da suka ci Sakkwato, ranar 15 ga Maris, 1903.

Abin da Horo ke Nema

Hanya ta farko ta fi sauƙin samun bara, domin hannu bai cika motsi ba. Illarta ita ce ɗanawa na cin lokaci, kuma bindigar da aka ɗana tana iya tashi da ɗan firgita kaɗan. Hanya ta biyu ta fi sauri, ta kuma fi aminci, amma nauyin kunama kan karkatar da bakin bindiga.

A nan ne mai koyo kan yaudari kansa. Ganin yana samun bara da hanya mai sauƙi, sai ya lizimce ta, ya manta cewa ranar tsanani ba ta ba da sararin shiri. Abin da ya faru a Satiru, kusa da Sakkwato, ranar 14 ga Fabrairu, 1906, ya isa misali. Mutane masu gatura da fartanya suka auka wa sojoji masu bindigogi kafin su kintsa, suka kashe Turawa 3 da sojoji kimanin 25.

Shi ya sa masu horarwa kan fi ba hanya ta biyu lokaci. Bayan an tabbatar babu harsashi, mai koyo kan ɗora kwabo a kan bindigar, ya ja kunama sannu a hankali, ba tare da tsayawa ba. In kwabon ya faɗi, hannu ya motsa ke nan. Wanda ya ƙware a jan mai nauyi, mai sauƙin ba ya gagararsa, amma ba a cika samun akasin haka ba.

Kammalawa

Dokar Bindigogi ta 1959 ta sa libarba cikin makaman da aka hana mallaka a Nijeriya sai da iznin Shugaban Ƙasa, don haka wannan horo na masu ɗamara ne. Darasinsa kuwa na kowa ne: abin da hannu ya saba da shi ranar kwanciyar hankali, shi zai yi ranar tashinsa.