Daren Alewa A Amurka: Fargabar Iyayen Yaran Da Gyaɗa Ba Ta Karɓe Su Ba

Ran 31 ga watan Oktoba na kowace shekara, da zarar rana ta faɗi, yara kan cika titunan unguwanni a Amurka da Kanada. Wannan ya yi shigar dodo, waccan ta yi shigar mayya, wani kuwa ya sa kayan likita ko na ɗan sanda, kowa riƙe da 'yar jaka ko ɗan bokiti. Gida gida suke bi suna ƙwanƙwasa ƙofa, in an buɗe su ce a ba su alewa ko su yi wa mai gida tsiya. Tsiyar dai a baki take tsayawa. Wannan shi ne bikin da suke kira Halowin. Wanda ya san tashen da yara ke yi a ƙasar Hausa daga goma ga watan azumi ba zai sha wuyar gane shi ba, sai dai can ba kuɗi ko hatsi ake bayarwa ba, alewa ce da cakulan.

Amma akwai gidajen da iyaye ke wuni da faɗuwar gaba a wannan rana, watau gidajen da ke da yaron da jikinsa bai jitu da gyaɗa ba. Mutumin da ya tashi ana labarin dalar gyaɗa ta Kano, ya ci ƙuli-ƙuli ya sha kunun gyaɗa tun yana rarrafe, zai yi mamakin jin cewa ƙwaya ɗaya, kai, ko ɓarin ƙwaya, na iya kai yaro asibiti ranga-ranga. To, haka abin yake. Jikin irin wannan yaro yana ɗaukar gyaɗa tamkar guba, sai ya tasar mata da yaƙi. Cikin 'yan mintoci borin jini ya feso, leɓe da harshe su kumbura, amai ya zo. In abin ya yi tsanani maƙogwaro ya toshe, numfashi ya gagara, jini ya yi ƙasa. Idan ba a yi hanzari ba ana iya rasa rai. A Amurka misalin yara 2 cikin ɗari suna da wannan lalura, kuma yawancinsu da ita suke girma.

Ga shi kuwa manyan alewoyin da aka fi rabawa a daren, irin su Snickers da Reese's da Butterfinger da Baby Ruth, duk da gyaɗa aka yi su.

Likitocin Kanada sun bi diddigin al'amarin. A binciken da suka buga a 2020, sun duba yara 1,390 da aka kai asibiti daga 2011 zuwa 2020, suka tarar tashin cutar mai tsanani saboda gyaɗa yana ƙaruwa da kashi 85 cikin ɗari a lokacin Halowin. Abin lura shi ne ƙarin ya fi yawa ga 'yan shekara 6 zuwa sama. Ba abin mamaki ba ne. Ƙaramin yaro hannunsa na cikin na uwarsa, babba kuwa ya yi gaba da abokai cikin duhu, ga alewa a jaka, ga yawu na tsinkewa.

Tun daga 2006 dokar Amurka ta tilasta wa masu kamfanin abinci su rubuta a fili a jikin kayansu idan akwai gyaɗa ciki, ko madara, ko ƙwai, ko alkama, da sauran abubuwa huɗu, a 2023 kuma aka ƙara riɗi ya zama na tara. Sai dai dokar ta bar ƙofa a buɗe. Gargaɗin nan da ke cewa mai yiwuwa ne ɓurɓushin gyaɗa ya shiga, don an yi alewar a injin da ake sarrafa gyaɗa, ganin dama ne, ba dole ba. Ban da haka, alewar Halowin 'yan ƙanana ne da ake sayarwa cikin babbar leda. Sau da yawa bayanin yana jikin babbar ledar, wadda ke can cikin kwandon sharar mai gida, ɗan ƙunshin da aka jefa wa yaro a jaka kuwa babu kome jikinsa sai suna. Har ma akan sami ƙaramar alewa an yi ta a wata masana'anta dabam da ta babbarta, ko da yake sunansu ɗaya. Saboda haka uwa ba ta cewa ai ya saba cin wannan.

Duk da haka likitoci ba su ce a kulle yaro a ɗaki ba, kuma da gaskiyarsu, gama yaron da ya ga tsaransa sun fita shi yana leƙe ta taga, shi ne gobe zai ci alewa a ɓoye. Riƙe alewar da ke naɗe cikin takardarta ba shi ne haɗarin ba, haɗarin yana wajen kai wa baki. Don haka doka guda ce iyaye suka fi riƙewa: ba a cin kome a hanya, sai an koma gida. Akan ciyar da yaro ya ƙoshi kafin a fita, uwa kuma ta zuba alewar da ta amince da ita a aljihu, in kwaɗayi ya taso ta miƙa masa. Waɗansu kan haɗa safar hannu cikin shigar da yaron zai yi. In an dawo a wanke hannu da sabulu, domin wani bincike na Jami'ar Johns Hopkins a 2004 ya nuna ruwan nan mai barasa da ake shafawa a hannu yana kashe ƙwayoyin cuta, amma ba ya kawar da ɓurɓushin gyaɗa.

Abin da ba a bari a gida ko ana ha-maza-ha-mata shi ne allurar adiranalin, wadda aka fi sani da sunan EpiPen. Kamar alƙalami take, ana danna ta a gefen cinya ta waje, ko ta kan wando ne. Ta yaro mai nauyin kilo 15 zuwa 30 miligiram 0.15 ce, kuma guda biyu ake ɗauka, don wani lokaci ɗaya ba ta isa. Ƙa'idar ita ce a yi allura tukuna, sa'an nan a buga lamba 911 a kira motar asibiti, ko da yaron ya ce ya ji sauƙi, domin cutar kan lafa ta sake tasowa. Kuskuren da aka fi yi shi ne tsayawa ba da maganin ƙaiƙayi ana jira a gani. Maganin ƙaiƙayi ba ya buɗe maƙogwaro. A 2024 hukumar magunguna ta Amurka ta amince da wani samfurin adiranalin da ake fesawa a hanci, abin da ya zo wa masu tsoron allura da sauƙi.

Maƙwabta ma sun shigo ciki. A 2012 wata uwa a Jihar Tenesi, Becky Basalone, ta shafa wa kabewa fenti mai launi tsakanin shuɗi da kore ta ajiye a bakin ƙofa, alamar cewa a wannan gida akwai kyautar da ba ta ci ba ce. A 2014 ƙungiyar FARE, mai kula da masu irin wannan lalura, ta ɗauki dabarar ta yaɗa ta ko'ina cikin ƙasar. Gidan da ya ajiye irin wannan kabewa yakan tanadi fensir, da usur, da 'yan zobba na roba, da sandunan da ke haske cikin duhu, a mazubi dabam da na alewa.

Bayan an koma gida sai a zazzage jaka a kan tebur, a ƙarƙashin fitila. Mai gyaɗa gefe, marar rubutu gefe, wadda aka yi a gida ma gefe, kome kyanta. Wani lokaci abin da zai rage bai cika tafin hannu ba, nan kuwa ake kuka. Iyaye da yawa kan yi ciniki da yaron, su sayi alewar da kuɗi ko su musanya masa da wadda ba ta da haɗari. Waɗansu kuma kan ce ya ajiye jakar a bakin ƙofar ɗakinsa, wai cikin dare wata mayya mai son zaƙi za ta zo ta ɗauke ta bar masa abin wasa. Da safe yaro ya tarar da mota ko 'yar tsana, alewar kuwa uban ya tafi da ita wurin aiki ya raba wa abokan aikinsa.