Manhajar kariya ta kyauta: Abin da ya kamata a duba kafin a ɗora ta a waya

Ɗan kasuwa a Dutsin-Ma da ke karɓar kuɗin ciniki ta waya, da ma'aikacin ƙaramar hukumar Kurfi da ke jiran saƙon shigar albashi, duk a aljihu suke yawo da asusunsu na banki. Shi ya sa idan saƙo ya shigo da sunan kamfanin sadarwa yana tallar manhajar kariya daga ƙwayoyin cutar na'ura, wai kyauta, hannu kan yi saurin dannawa.

Tambayar farko ita ce ko na'urar tana buƙatar ƙarin mai gadi. Tun shekarar 2017 wayoyin Android masu Play Store suke da Google Play Protect, wanda ke binciken manhajojin da aka ɗora. Kwamfuta mai Windows 10 ko 11 kuma tana zuwa da Microsoft Defender, kuma da zarar an sa wata manhajar kariya sai shi ya ja da baya ya ba ta wuri. Ke nan sau da yawa musayar mai gadi ake yi, ba ƙari ba. Ita kuwa iPhone, tsarinta bai ba wata manhaja damar binciken 'yar'uwarta ba.

Sai batun inganci. A 2019 cibiyar AV-Comparatives ta ƙasar Ostiriya ta gwada manhajojin kariya 250 na Android, inda 80 kacal suka gano fiye da kashi 30 cikin 100 na mugayen manhajojin da aka jarraba su da su ba tare da ƙararrawar ƙarya ba. Da yawa daga cikin sauran hoto ne kawai da talla.

Inda ya fi buƙatar natsuwa shi ne kalmar "kyauta" kanta. Wani tayin na ɗan lokaci ne, bayan kwanakin gwaji sai ya sabunta kansa, a riƙa zarar kuɗi daga katin waya kaɗan-kaɗan, mai shi yana zargin data ce ke saurin ƙarewa. Wani kuma da bayanan mutum ake biya. Manhajar kariya ba ta aiki sai an buɗe mata ƙofofin na'ura, don haka tana ganin abin da sauran ba sa gani. A watan Fabrairun 2024 hukumar kula da kasuwanci ta Amurka, FTC, ta sanar da cewa kamfanin Avast zai biya Dala miliyan 16.5 bisa zargin sayar da bayanan shafukan da masu amfani da manhajarsa suke ziyarta, ta hannun reshensa Jumpshot. Avast kuwa ba ƙaramin suna ba ne a wannan fanni. A Najeriya, Dokar Kare Bayanai ta 2023 ta wajabta a sanar da mutum abin da za a yi da bayanansa, amma dokar ba za ta karanta wa kowa sharuɗɗan da ya amince da su ba.

Akwai kuma yiwuwar saƙon ba daga kamfanin ya fito ba. A 2021 Hukumar Sadarwa ta Ƙasa, NCC, ta yi gargaɗi kan FluBot, muguwar manhajar da ke shigowa ta saƙon tes, wani lokaci da sunan sabunta tsaron waya, sannan ta kwashe bayanan banki. Duk tayin da ya nemi a ɗauko manhaja daga wajen Play Store, ko ya tambayi BVN ko lambar sirri, a rufe shi nan take. A tabbatar da tayi ta manhajar kamfanin ko a ofishinsa.

Wanda ya fi cin moriyar ƙarin kariya shi ne mai shagon buga takardu a kusa da Jami'ar Tarayya ta Dutsin-Ma ko Kwalejin Ilimi ta Isa Kaita, wanda filashin ɗalibai ke shiga kwamfutarsa daga safe har dare, musamman idan tsohuwar Windows 7 ce da Microsoft ya daina sabuntawa tun Janairun 2020. Haka ma mai yawan karɓar manhajoji ta Xender ko a wurin masu tura fina-finai. Su ma sai sun ware data, domin manhajar da ba a sabuntawa ba ta gane sababbin cututtuka.

Babu manhajar da za ta hana mutum karanta wa ɗan damfara lambar da banki ya turo masa, kuma ta wannan ƙofa kuɗi ke fita ko da wayar lafiyarta ƙalau.

Wanda ya riga ya amsa tayi kuma yake ganin katinsa na raguwa, zai iya danna *305# don dakatar da tsarin, ya tura STOP zuwa 2442 don toshe saƙonnin talla. Idan kamfanin bai warware ba, layin koke na NCC shi ne 622, kuma kiransa kyauta ne.