Daga Akuya Zuwa Turke: Yadda Matashi Zai Mallaki Dokinsa

Duk wanda ya tashi a Gangara, ko Sabon Birni, ko Isa, ya san yadda zuciyar yaro ke tsalle ranar hawan Sallah. Da yawa daga cikinmu mun bi dawaki a guje har ƙura ta rufe mu, muna cewa wata rana mu ma sai mun hau namu. Abin a jininmu yake. Da dawaki Gobirawa suka yi suna tun zamanin Bawa Jan Gwarzo, kuma ko bayan faɗuwar Alƙalawa a 1808, sarautar Gobir ba ta rabu da sirdi da linzami ba, daga nan har Tsibiri ta ƙasar Nijar.

Sai dai buri daban, kuɗi daban. Yau doki mai lafiya sai an ajiye dubban ɗaruruwan naira. To, ta ina ɗan sakandare zai fara?

Hanya mafi kusa ita ce akuya. Jar akuyar Sakkwato, wadda fatarta ta yi suna har ƙasashen Turai, tana haihuwa bayan wata 5 da ɗaukar ciki, sau da yawa tagwaye. Idan ta samu kulawa, tana iya haihuwa sau 3 cikin shekara 2. Dabarar ita ce a sayar da bunsuran, a bar matan su ci gaba da yaɗuwa. Kuɗin bunsuran su ne jarin sayen ɗan rago wata 5 ko 6 kafin Babbar Sallah, a turke shi a gida, a sayar lokacin da masu layya ke nema. Haka wani ƙanenmu ya yi. Da akuya guda da kakarmu ta ba shi ya fara yana aji ɗaya na babbar sakandare. Bai sayi dokin ba tukuna, amma ragunansa biyu na bana sun kai shi inda bai taɓa zato ba.

Hanya ta biyu harawa ce. Da kaka, harawar wake da ta gyaɗa araha suke, wani lokaci ma ladan aikin gona ake biyan yaro da su. Wanda ya ɗaure su, ya ɗora a kan rumfa inda ruwa da gara ba za su taɓa ba, zai sayar da tsada da bazara, lokacin da ciyawa ta ƙare. Ga riba biyu: kuɗi a aljihu, ga kuma sanin abincin da dokin zai ci nan gaba.

Akwai kuma aikin rani a fadamun Gulbin Rima: dashen albasa, ban ruwa da cira, duk ana biyan lada. Ranakun Asabar da Lahadi da lokacin hutu sun isa. Mai ɗan faifan sola kuwa yana iya buɗe cajin waya a ƙofar gida bayan an tashi makaranta. Duk abin da aka samu, kada ya kwana a aljihu. A ba mahaifiya ajiya, ko a shiga adashi da mutanen da iyaye suka sani.

Kafin a sayi doki, a koyi doki. Mu nemi mai barga a unguwa mu riƙa taya shi shara, yankan ciyawa, wanka da fita kilisa. A nan za mu gane cewa sayen ba shi ne wahalar ba. Doki na cin dawa ko gero, da dusa da harawa kullum, yana son kanwa, yana shan ruwa bokiti-bokiti, ga gyaran kofato da maganin tsutsar ciki. Wanda bai tanadi abincin wata 6 ba, bai shirya ba. Shi ya sa dattawa ke ba da shawarar a fara da duƙushi ko ƙuru maimakon ingarma, kuma ranar ciniki a tafi da babba wanda ya iya duba haƙora, ƙafafu da baya.

Ba za mu ɓoye gaskiya ba: yankinmu na fama da ’yan bindiga, an kore dabbobin mutane da yawa, wasu gonakin ma ba sa nomuwa. Don haka kiwon a cikin gida za a yi shi, ba a daji ba, kuma ba a zuwa fadama ko kasuwa sai da yardar iyaye. Dabbar da aka yi wa farashin banza, a guje ta, mai yiwuwa ta sata ce. Wanda kuma ya zo da tayin kuɗi don a kai saƙo daji ko a ba da labarin wani, a gaya wa manya nan take. Babu dokin da ya kai ran mutum.

Abu na ƙarshe, kada turke ya cinye aji. Jarrabawar WAEC da NECO ba sa jiran rago ya yi ƙiba. A ba dabba abinci da asuba, a tafi makaranta, a dawo a duba ta da la’asar. Sannu ba ta hana zuwa, sai dai a daɗe ba a je ba. Mai akuya guda a gida, ya fara lissafi daga yau.